Filip Gos, mutumin da ya kai teku cikin birni

Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Wanda ya tashi daga Yamai sai ya yi tafiyar wajen kilometir 1000 kafin ya isa Kwatano, ya ga ruwan gishiri da idonsa. Saboda haka yawancinmu a hoto muka san teku. Amma kada ku yi tsammani mu kaɗai ne. Ingila tana kan tsibiri, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, duk da haka shekara 200 da suka wuce mutanen biranenta ba su san abin da ke rayuwa a ƙarƙashin ruwan nan ba. Kifi sun san shi a kasuwa, matacce. Masana ma galibi a cikin butali suke ganin dabbobin teku, an jiƙa su cikin barasa don kada su ruɓe, launinsu ya koɗe, jikinsu ya ƙanƙance.

Mutumin da za ku karanta labarinsa yana cikin waɗanda suka sake wannan hali. Sunansa Philip Henry Gosse, amma Gos ake faɗi, haka kuma za mu riƙa rubuta shi a nan.

Yaron garin Poole

An haifi Gos ran 6 ga watan Afrilu na shekarar 1810 a garin Worcester. Tun yana jinjiri iyayensa suka koma Poole, wani garin masu jiragen ruwa a kudancin Ingila. Ubansa mai zanen hoto ne. A zamanin nan babu na'urar ɗaukar hoto, sai ya riƙa bin gari gari yana zana fuskokin mutane a kan ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, suna biyansa. Sana'ar ba ta kawo kuɗi sosai, gidan dai ana ci ana sha da ƙyar. Amma yaron ya gaji hannun ubansa, wannan gado kuwa ya yi masa rana daga baya.

Yana da wata gwaggo mai suna Susan Bell, mai sha'awar halittu. Ita ce ta fara koya masa duban ƙwari da tsutsotsi. Ita ce kuma ta nuna masa wani abu ja mai laushi da ke manne a jikin duwatsun bakin ruwa. In ruwa ya janye sai ya dunƙule kamar ɗan tumatir. In ruwa ya rufe shi sai ya buɗe, ya baza hannuwa sirara masu yawa kamar fure. Gwaggon ta gaya masa cewa wannan abu dabba ce, ba tsiro ba, kuma in an sa shi cikin tulu da ruwan teku zai rayu. Za mu kira shi furen teku. Ku riƙe sunan, don zai dawo sau da yawa.

Karatun lekol bai yi nisa ba. Yana da shekara 15 ya zama akawu a ofishin wani attajiri. A 1827 aka tura shi aiki can ƙetaren tekun Atlantika, a tsibirin Newfoundland, wanda ake ce wa Terre-Neuve da Faransanci. Wuri ne mai tsananin sanyi, mutanensa kamun kifi suka dogara a kai. Shekara 8 ya yi a garin Carbonear yana rubuta lissafin busasshen kifi. A 1832 ya sayi wani tsohon littafi a wajen gwanjo, mai bayani a kan madubin nan da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, wato mikroskop. Daga ranar ya duƙufa kan ƙwarin tsibirin, yana kamawa, yana dubawa, yana zanawa. Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya biya shi.

Abin da ya biyo baya shekarun wahala ne. A 1835 ya koma Kanada ya sayi gona, noma bai karɓe shi ba. Maƙwabtansa suna ganin Bature yana bin ƙwari cikin ciyawa, suka ɗauka yana da taɓin hankali. A 1838 ya gangara kudancin Amurka, jihar Alabama, ya yi watanni yana karantar da ƴaƴan masu gonakin auduga. A can ya ga yadda ake azabtar da bayi baƙar fata, abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya rubuta shi a littafi. A 1839 ya komo Landan hannu wofi, wata rana ma abinci sau ɗaya yake ci. Sai a 1840 aka buga littafinsa na fari, a kan halittun Kanada, ya sami ɗan abin rufin asiri. Ya buɗe ƴar makaranta ta yara maza. A 1844 kuma ya tafi tsibirin Jamaika, ya yi wata 18 yana binciken tsuntsaye, tare da taimakon wani masani ɗan ƙasar mai suna Richard Hill da wani saurayi Samuel Campbell. Har yau masu binciken tsuntsayen Jamaika daga littafinsa na 1847 suke farawa.

A 1848 ya auri Emily Bowes, a shekara mai zuwa suka haifi ɗa namiji, Edmund.

Ciwon da ya kai shi bakin teku

Gos da rubutu yake ci da iyalinsa, sai ya riƙa yin aiki dare da rana har jikinsa ya gaza. Aka ba shi shawara ya bar Landan ya sha iska. A farkon 1852 ya ɗauki matarsa da ɗansa suka tafi yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila. Sun fara zama kusa da Torquay, sannan suka koma Ilfracombe. Hutu aka ce ya yi, amma mutum irin Gos ba ya iya zama da hannu biyu. Kowace safiya yana bakin ruwa.

A nan sai mu tsaya mu fahimci wani abu, don wanda ya san gulbi da tabki kaɗai ba zai yi zatonsa ba. Tabkinmu yana cika da damina, ya ƙafe da rani, sau ɗaya a shekara. Teku kuwa yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana. Wata ne ke jawo ruwan, rana ma tana taimakawa. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwan yakan hau sama ƙwarai, ya kuma janye nesa ƙwarai. In ya janye sai ya bar duwatsu a fili, tsakaninsu da ƴan kududdufai masu ruwa garau. Kowane kududdufi kamar ƙaramin gari ne. Akwai ciyawar teku kore da ja, akwai furen teku, da ƙaguwa, da jatan lande, da katantanwa, da ƙananan kifi, da wata dabba mai hannu biyar da ake kira tauraron teku. Bayan awa kaɗan ruwa ya dawo ya rufe kome.

Gos yakan shiga ruwan har ƙugu, da kwando da butalai da guduma. Yakan kwanta rub da ciki a kan dutse ya daɗe yana kallo, ya ga wa ke cin wa, wa ke ɓuya a ina. Furen teku da kuke gani kamar ba ya cutar da kowa, mafarauci ne. Hannuwansa suna ɗauke da ƙananan zare masu dafi. In jatan lande ya gifta ya taɓa su sai su harbe shi, su naɗe shi, su tura shi cikin bakin da ke tsakiya.

Sai dai kallon ba ya isarsa, don ruwa yakan dawo ya kore shi. Ya so ya kai dabbobin gida ya zauna da su, ya gan su da dare da rana. A nan matsalar take. In ka ɗebi ruwan teku a kwano ka sa dabba ciki, kwana biyu ko uku ruwan ya yi wari, dabbar ta mutu. Wanda ke bakin teku yana iya sake ruwa kullum. Wanda ke Landan fa?

Ba Gos kaɗai ke wannan tunani ba, kuma ba shi ya fara ba. Tun 1832 wata Bafaransa mai suna Jeanne Villepreux-Power tana kiwon dabbobin teku cikin akwatunan gilashi a tsibirin Sisili, don ta bincike su. A 1846 wata mata, Anna Thynne, ta kawo wasu ƙananan dabbobin murjani daga Torquay zuwa gidanta a Landan. Da ruwan teku ya yi mata wuyar samu, sai ta sa ana sheƙa wanda ke akwai daga wannan kwano zuwa wancan a bakin taga, kullum, kamar yadda ake sheƙa kunu don ya huce. Dabbobinta suka rayu wajen shekara 3. Sheƙawar nan iska take sa wa ruwan.

Wanda ya bayyana dalilin a fili shi ne Robert Warington, masanin haɗa magunguna. Ya zuba ruwan daɗi wajen litir 50 cikin babban tulun gilashi, ya sa kifi biyu da tsiron ruwa guda. Da farko kome lafiya. Sai tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe gilashin. Ya kawo katantanwa biyar ko shida ya zuba. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakukar, ruwa ya washe. Ya buga labarin gwajinsa a 1850.

Ga abin da ke faruwa. Kifi yana numfashi kamar mu, sai dai iskar da yake shaƙa a narke take cikin ruwa. Yana ɗaukar iskar oksijan, yana fitar da gaz karbonik. Tsiro kuwa, in haske ya same shi, yana ɗaukar gaz karbonik ya yi abincinsa da shi, ya saki oksijan. Kashin kifi taki ne ga tsiro. Katantanwa ita ce mai shara. Kowa yana cin moriyar wani. In ka ɗauko dabba ita kaɗai ka raba ta da sauran, ka kashe ta ko da ba ka yanka ta ba. In kana so ta rayu sai ka ɗauko ta da maƙwabtanta.

Gos ya gwada wannan dabara da ruwan gishiri, a daidai lokacin da Warington ma yake gwadawa. Ya sa ciyawar teku da dabbobi cikin tulunan gilashi, ya ajiye a bakin taga. Da rana ta haska sai ya ga ƙananan ƙwayoyin iska sun jeru a jikin ganyen kamar tsakiya, suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Makonni suka wuce bai sake ruwa ba, dabbobin suna nan da ransu.

Gidan Kifi

A Landan akwai babban gidan namun daji, irin wanda ke cikin gidan tarihi na Yamai amma ya fi shi girma nesa. Masu kula da shi suna gina wani ɗaki na ƙarfe da gilashi don nuna halittun ruwa. Lokacin ya dace, don a 1845 gwamnatin Ingila ta soke harajin gilashi, manyan falle suka yi araha. Gos ya kawo musu dabbobin da ya yi kiwo a Devon, suka kuma ɗauke shi ya riƙa samo musu wasu.

Ya tafi garin Weymouth a 1853. Abin da ke cikin kududdufai da hannu ake kama shi, amma na ƙasan teku sai da jirgi. Ya yi haya da wani masunci, suna fita da wata jakar raga mai bakin ƙarfe, su jefa ta da igiya, jirgi ya ja ta tana kankare ƙasan ruwa. In suka jawo ta sama sai su zazzage a tsakiyar jirgi, Gos ya durƙusa yana tsince masu rai daga cikin laka da tsakuwa. Da yamma ya shirya su cikin tuluna, wasu kuma cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar teku, ya aika Landan. Dubban halittu ya aika a wannan shekara.

An buɗe ɗakin a watan Mayu na 1853, mutane suka sa masa suna Gidan Kifi. Shi ne wuri na farko a duniya da kowa zai iya biyan kuɗi ya shiga ya ga dabbobin teku da ransu a bayan gilashi. Ranar Litinin rabin kuɗi ake biya, saboda haka har leburori suna kawo ƴaƴansu. Ku yi tunanin yaron da bai taɓa fita daga hayaƙin Landan ba, yau ga shi hancinsa a jikin gilashi, ƙaguwa tana tafiya a karkace daidai idonsa. Da can daga sama ake leƙen ruwa, ba a ganin kome sai ƙyalli. Yanzu daga gefe ake kallo, kamar mutum ya nutse bai jiƙe ba.

Abin yana bukatar suna. Wasu suna kiransa da dogayen sunaye masu wuyar faɗi. Gos ya zaɓi kalma ɗaya, akwariyom. Daga harshen Latin take, inda akwa ke nufin ruwa. A wajen Rumawan da, kalmar tana nufin mashayar shanu. Sunan ya zauna, yau shi ake faɗi da Ingilishi da Faransanci da wasu harsuna da yawa.

A 1854 ya buga littafi mai wannan suna, da hotuna masu launi waɗanda ya zana da hannunsa. A nan gadon ubansa ya yi amfani. Mutane ba su taɓa ganin ƙasan teku da irin wannan launi ba, ja da kore da ruwan hoda da shuɗi. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Ni a ganina abin da ya fi hotunan daraja shi ne yadda ya koya wa mai karatu ya yi abin da kansa, a cikin wannan littafi da wani ƙarami da ya biyo baya a 1855. Bai ɓoye kome ba. Ciyawa ake fara sawa, a bar ta ta zauna, sannan a kawo dabbobi. Ba a tumɓuke ciyawar teku, don ba ta da saiwa irin ta gero, manne take da dutse, sai a fasa ɗan guntun dutsen a ɗauko su tare. Kore da ja su ne masu kyau, manyan nan masu launin ƙasa kuwa suna sakin yauƙi su ɓata ruwa. Haske dole ne, amma in rana ta yi yawa ruwan ya yi zafi, kome ya mutu. Kada a cika dabbobi, gara kaɗan masu rai da tarin gawa. Wadda ta mutu a cire ta nan da nan.

Akwai wata dabara da za ku gane da sauri in kun tuna darasin ƙafewar ruwa. Litir ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35. In ruwa ya tashi ya bi iska, gishirin ba ya binsa, yana nan. Haka ake samun gishiri a Bilma. Saboda haka in ruwan akwariyom ya ragu, wanda ya saura ya fi na da zartsi. In ka ƙara ruwan teku ka ƙara gishiri ke nan. Sai a yi alama a jikin gilashi tun ranar fari, in ruwa ya sauka a cika da ruwan daɗi har alamar. Don waɗanda ke nesa da teku kuma, a 1854 Gos ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku a gida, da gishirin miya da wasu irin gishiri uku da ake saye a kantin magani.

Yanzu an san cewa bayanin mutanen wancan zamani bai cika ba. Yawancin iskar da ke shiga ruwa ta samansa take shiga, inda ruwa ya haɗu da sarari, shi ya sa faffaɗan akwati ya fi dogon tulu mai ƙaramin baki. Da dare kuma tsiro ba ya sakin oksijan, shi ma shaƙa yake yi. Sannan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa, su ne ke sarrafa dafin da ke cikin kashin kifi. Gidan Kifi kansa ya sha hasara, don ɗakin gilashi yana zafi da bazara. Manyan akwariyom da aka gina daga baya, kamar na Hamburg a 1864, na Berlin a 1869, na Brighton a 1872 da na Napoli a 1874, ba su dogara ga ciyawa ba. Galibinsu famfo ke juya ruwan yana sa masa iska.

Kuna iya gwada irin aikin Warington a aji. Ku sami babban butali mai faɗin baki, ku zuba yashi wankakke, da ruwan tabki, da tsiron ruwa, da ɗan kifi ɗaya ko biyu, ku ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta bugu. Sai dai katantanwar tabki ku bar wa malam ya ɗauko da cokali, kada ku sa hannu cikin ruwanta, don wasu irinta ne ke ɗauke da tsutsar da ke kawo ciwon tsargiya. In an gama kallo a mai da kifin inda aka kamo shi.

Cikin abubuwan da Gos ya gani a akwatunansa akwai ɗaya da yara ke so ƙwarai. Akwai wata ƙaguwa mai laushin ciki, ba ta da sulke a bayanta, sai ta nemi gidan katantanwar da ta mutu ta shige da baya, ta riƙa yawo da shi. Wani irin furen teku yakan manne a jikin gidan nan. Furen yana tsare ta da dafinsa, ita kuma tana yawo da shi, yana samun ragowar abincinta. In ta yi girma gidan ya matse ta, dole ta sake wani. To, furen fa? Gos ya zauna ya ga ƙaguwar ta koma sabon gida, sannan ta ɗauko furen da hannuwanta ta riƙe shi a jikin sabon gidan har ya kama. Wanda ke leƙen teku daga jirgi ba zai taɓa ganin wannan ba.

Makaranta a bakin ruwa

Gos tsohon malamin lekol ne, ya san abin da aka gani a gilashi bai kai abin da aka taɓa da hannu ba. A 1855 ya buɗe aji a Ilfracombe, maza da mata suka zo daga garuruwa. In ruwa ya janye sai ya wuce gaba, suna biye da kwanduna, ya nuna musu yadda ake ɗaga dutse, da inda kowace dabba ke ɓuya. In ruwa ya ciko su koma ɗaki su duba abin da suka samo, su koyi sunansa, su zana shi. A zamanin da ake karatun halittu da hadda daga littafi, wannan sabon abu ne. A 1856 babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta karɓe shi cikin membobinta, shi da bai taɓa shiga jami'a ba.

Shekarar 1857 ta zo masa da baƙin ciki. A watan Fabrairu matarsa Emily ta rasu bayan ta sha fama da ciwon daji. Gos mutum ne mai riƙon addinin Kirista ƙwarai, a shekarar nan ya buga wani littafi inda ya yi ƙoƙarin sasanta abin da ya karanta a littafin addininsa da abin da masu binciken duwatsu ke faɗi a kan daɗewar duniya. Masana ba su karɓa ba, malaman addini ma ba su karɓa ba, littafin ya yi kwantai. Ya kwashe kayansa ya bar Landan, ya koma ƙauyen St Marychurch kusa da Torquay, shi da ɗansa mai shekara 8.

Yaron ya zama abokin aikinsa. Tare suke shiga ruwa, uban da guduma, ɗan da butali. Idon yaro ya fi na babba kusa da ƙasa, wata rana kuwa Edmund ya tsinto wani ɗan furen teku da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Uban ya duba, ya tabbata sabo ne, ya sa masa suna, ya kuma rubuta cewa ɗansa ne ya gano shi. Wannan yana cikin babban littafinsa na 1860 a kan furannin teku da murjanin Ingila, wanda masana suka daɗe suna aiki da shi. A shekarar nan kuma ya sake aure, ya auri Eliza Brightwen.

Amma littattafan Gos sun jawo abin da bai yi zato ba. Akwariyom ya zama abin yayi, kowane gidan mai hali a Ingila yana son nasa a ɗakin baƙi. Aka buɗe kantuna a Landan ana sayar da furen teku da ruwan gishiri. Jirgin ƙasa ya riƙa kawo masu hutu bakin ruwa, kowa da gudumarsa. Suka fasa duwatsu, suka kwashe kududdufai, suka kife duwatsu ba su mai da su yadda suke ba, abin da ke manne a ƙasansu ya bushe a rana. Yawancin waɗannan mutane ba su bi ƙa'idodin da ya rubuta ba. Dabbobin su mutu cikin mako guda, a zubar, a sayo wasu. Kafin shekara 10 yayin ya wuce, amma kududdufan da Gos ya fi so sun zama kango. Ɗansa, wanda ya zama sanannen marubuci, ya ba da labari a wani littafi da ya buga a 1907 cewa uban ya ga wannan ɓarna da idonsa, ya san littattafansa ne suka nuna wa mutane hanya, abin kuma ya dame shi.

Laifin wa ke nan? Ni dai ba na ɗora shi duka a kan Gos, don ba a iya tausayin abin da ba a san yana da rai ba, shi kuwa ya sanar. Amma nuna wa mutane wuri mai kyau ba ya isa in ba a koya musu yadda za su bar shi ba. A manyan akwariyom na yau akan yi wa yara wani kwami mara zurfi, su sa hannu su taɓa tauraron teku da furen teku. Akwai ma'aikaci tsaye yana nuna musu su taɓa a hankali da yatsa, kada su fid da dabbar daga ruwa. Masu kai ƴan makaranta bakin teku kuma doka ta fari da suke koya musu ita ce, duk dutsen da ka ɗaga ka mai da shi yadda ka same shi.

Gos ya yi sauran shekarunsa 30 a St Marychurch. Yana wa'azi a wata ƙaramar majami'a, yana kiwon furanni, yana duban ƙananan halittun ruwan daɗi da mikroskop. Littattafan da ya rubuta sun haura 30. Da ya tsufa ya koma kallon taurari. A 1887 ya sake gangarawa bakin teku, wannan karo da jikokinsa, ya nuna musu kududdufai. Da sanyin shekarar ya shigo, wani dare ya daɗe a bakin taga buɗe yana duban sama da madubin hangen nesa, sanyi ya kama ƙirjinsa. Bai sake samun lafiya sosai ba. Ya rasu ran 23 ga watan Agusta na 1888, yana da shekara 78, aka binne shi a Torquay.